Tabarma Biyu a Gaban Tukunyar Lantarki

Akwai wani mutum mai gida a wani gari, ɗan kasuwar hatsi ne, dattijo ne kuma a ikilisiya. Allah ya buɗa masa. Yana da rumfa a kasuwa, yana da mota, yana da gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. In ana neman wanda zai shugabanci kwamitin gini, shi ne. In za a raka gawa ko a kai amarya, motarsa ce a gaba. Ba mugu ba ne, ku riƙe wannan tun daga farko, don kada wani ya gyara zama ya ce labarin mugaye ake yi, ba da shi ake ba. Abu ɗaya ne mutumin nan ya rasa, wato zama. Ko abinci a tsaye yake ci, waya a kunne.

Yana da tsohon uba mai suna Nomau, wanda ya yi noma tun tasowarsa har ƙarfinsa ya ƙare. Da matar Nomau ta rasu, sai ɗan ya ce ba zai bar mahaifinsa shi kaɗai a ƙauye ba. Ya gina masa ɗaki a bayan gidansa, ya sa masa katifa da fanka da rediyo, ya je da mota ya ɗauko shi. Mutane suka yi ta sa masa albarka, ya kuwa cancanta. Daga ƙofar ɗakin mai gidan zuwa ƙofar ɗakin tsohon taku ashirin ne, ba ƙari. Kowace safiya yakan yi takun nan ashirin, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ya ce, "Baba, an tashi lafiya? Akwai abin da ake bukata?" Tsohon ya ce, "Lafiya lau. Babu komai." Shi ke nan, sai kuma gobe.

To, ga abin da ya kamata ku sani. Mutumin nan ɗan fari ne, Nomau kuwa mutumin dā ne, irin waɗanda suke kunyar ɗan fari. Tun ranar da aka haifi yaron bai taɓa kiran sunansa ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba ya kuma haɗa ido da shi in suna magana. In zai yi zancensa sai ya ce "wancan", da ya girma kuma ya koma cewa "mai gidan nan". Yaran yanzu za su ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka koya musu ƙauna. Uba irin wannan zai iya ba ɗansa gonarsa duka, amma ba zai iya buɗe baki ya ce masa "zo ka zauna kusa da ni" ba. Ga shi kuwa abin da tsohon yake so ke nan, ba wani abu ba. Yana jin ƙarfinsa yana raguwa, yana so ɗansa ya zauna da shi yini guda kafin ya tafi.

Can a ƙauye yana da dabararsa. Kowace shekara in Kirsimeti ta zo aka yi watanda, wato magidanta suka haɗa hannu suka yanka sa suka raba, Nomau yakan roƙa a sa masa ƙirji a kashinsa. Abokansa su yi ta yi masa tsiya, wai ga cinya ga hanta ya tsallake, ya zaɓi abin da ko kare sai ya yi shawara kafin ya ɗauka. Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Mai haƙuri shi ke dafa dutse, balle ƙirji."

Gama naman ƙirji nama ne mai taurin kai. Jijiya ce da kitse a jere, in ka ba shi babbar wuta sai ya ƙanƙance ya ƙara tauri, ka yi ta tauna har muƙamuƙinka ya gaji. Ba ya son harshen wuta, garwashi yake so. Akan sa shi a tukunyar ƙasa da gishiri da albasa da citta da kanumfari da 'yar daddawa, ruwa kaɗan, a kife kasko a kai, a riƙa tura itacen kirya ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har rana ta yi sanyi. Ba a buɗe shi, ba a kuma barinsa. In wuta ta tashi a ja itace baya, in ta yi barci a taɓa ta. Dole wani ya zauna a wurin.

Nomau ba ya bar wa mata wannan aiki. Yakan shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ya ce a turo masa "wancan" ya taya shi duba wuta. Ranar ce kaɗai a cikin shekara da uba da ɗan fari suke zama kafaɗa da kafaɗa, ba mai jin nauyin wani, don kowa tukunya yake kallo. A nan tsohon yake fitar da abin da ke cikinsa, yana fuskantar murhu sai ka ce da garwashi yake magana. A nan ya gaya masa yadda ake gane ƙasar da za ta yi dawa, da waɗanda ya kamata a yi hattara da su a cikin dangi, da abin da ya sa ya bar tsafin kakanninsa ya bi Almasihu. Da yamma a buɗe tukunya, nama ya yi luguf, ana jansa da yatsa yana warwarewa zare-zare. Ɗan ya girma ya tafi gari. Ya riƙe daɗin naman, sauran kuwa ya manta.

Ana nan, wata safiya da mai gidan ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tambayarsa ta kullum, sai tsohon bai ce "babu komai" ba. Ya dubi bango ya ce, "Da za a sami ƙirji, a dafa shi irin na gida, da an kyauta."

Mutumin ya yi murna ƙwarai, gama shekara biyu ke nan yana jiran ranar da mahaifinsa zai roƙe shi wani abu. Ya ce, "Baba, wannan ai ƙaramin abu ne. Yau ɗin nan za ku ci."

Ya biya wurin mahauci ya zaɓi ƙirjin bijimi mai kyau, ya aika da shi gida. Matarsa malamar makaranta ce, ita ma ba zama gare ta ba. Ta dawo a gajiye, ta ɗora naman a kan gas, ta buɗe wuta har ƙarshe, cikin awa guda ta sauke. Miya ta yi daɗi, amma naman in ka jefi bango da shi zai dawo maka. Tsohon, wanda haƙora huɗu suka rage masa, ya tsotsi yanka biyu ya ajiye a gefen kwano, ya ci tuwonsa da romon, ya yi godiya.

Da mai gidan ya ga naman ya dawo kusan yadda ya tafi, abin ya dame shi. Ya san sarai yadda ake dafa ƙirji, ai da hannunsa ya tura itace shekara da shekaru. Zuciyarsa ta ce masa, "Ka nemo tukunyar ƙasa, ka ɗauki yini guda." Sai ya duba makonsa. Litinin kasuwa ce, Talata motar masara za ta iso, Laraba kwamiti, Alhamis akwai jana'izar surukin wani abokinsa, Juma'a kasuwa kuma, Asabar bikin ɗiyar mai wa'azi. Bai sami yinin ba. Amma mutum ne mai dabara, wanda bai saba abu ya gagare shi ba.

A wani shago ya ga wata tukunyar lantarki, irin wadda aka yi musamman don nama mai tauri. Mai shagon ya ce masa, "Yallaɓai, wannan ba ta bukatar kowa. Ka zuba da safe, ka danna nan, ka tafi harkarka. Ba ta ƙonawa, ba ta ƙafewa, zafinta ɗaya ne tun safe har yamma. Ko kofato ka sa mata sai ya yi laushi." Mutumin ya ce a ransa, ai an gama. Gidansa da sola, wuta ba ta yankewa. Ya saya ya kawo gida, yana ganin ya tsinci dami a kala.

Washegari ya tashi da sassafe. Ni ma zan ba shi hakkinsa, gama da hannunsa ya wanke naman, ya yayyanka shi manya-manya, ya shafe shi da gishiri da citta da kanumfari, ya shimfiɗa albasa a ƙasan tukunyar, ya marmasa daddawa, ya zuba ruwa rabin kofi. Bai manta ko ɗaya ba. Ya jona tukunyar a barandar da ke kusa da ɗakin tsohon, ya danna, 'yar jar fitilarta ta kama.

Nomau ya ji motsi ya leƙo. Da ya ga ɗansa durƙushe a gaban tukunya, hannun riga a naɗe, sai farin ciki ya cika shi, irin wanda bai yi ba tun rasuwar matarsa. Ya koma ɗaki da ɗan saurinsa na tsofaffi, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya kafa hula, ya ɗauko tabarma biyu a hammata. Yana fitowa, ɗan yana wanke hannu.

Ɗan ya ce, "Baba, da yamma za ku ci irin na gida. Kada dai kowa ya buɗe."

Tsohon ya ce, "To. Wa zai duba wutar?"

"Ba ta da wutar da za a duba, Baba. Ita ke duba kanta."

A nan wayarsa ta yi ƙara. Ya juya baya yana amsawa, ya nufi mota, bai ga abin da ke hammatar mahaifinsa ba. Matar gidan ta tafi makaranta da yara, gida ya yi tsit.

Tsohon ya tsaya yana kallon tukunyar. Shi dai a duk shekarunsa bai taɓa ganin wanda ya ɗora ƙirji ya tafi bai dawo ba. Wanda ya ɗora, shi ke da tukunya. Sai ya ce a ransa, wani uzuri ne ya taso, bari in riƙe masa wurin kafin ya dawo. Ya shimfiɗa tabarma ɗaya ya zauna, ya shimfiɗa ɗayar a gefensa, ya kakkaɓe ta da hannu.

Hantsi ya yi. Murfin gilashin ya fara zufa, ƙamshin citta ya fara fitowa. Tsohon yakan miƙa hannu kusa da tukunyar ya ji zafinta, ya nemi abin da zai tura ko ya ja, ya ga babu, ya mai da hannunsa kan gwiwa. Duk lokacin da ƙofar gida ta yi ƙara sai ya gyara hula. Sau ɗaya mai ruwa ne, sau ɗaya iska ce. Yana da magana biyu da ya tanada tun da daɗewa. Ta farko, in ya mutu a mai da shi ƙauye a kwantar da shi kusa da matarsa. Ta biyu kuwa, wadda ta fi nauyi a bakinsa, yana so ya ce wa ɗan ya ga duk abin da ya yi masa, bai taɓa jin kunyar haihuwarsa ba, ya kuma sa masa albarka. Don kada harshensa ya sarƙe in lokacin ya yi, sai ya riƙa gwada faɗinsu a hankali, yana fuskantar 'yar jar fitilar.

Da rana ta take, sai ga Tabita, ƙanwar Nomau, gwauruwa ce da ke zaune a ɗaya gefen garin, takan zo gaishe shi lokaci-lokaci. Mace ce mai kaifin baki, ba ta ganin abu ta yi shiru. Ta ajiye ƙwaryar furar da ta kawo ta ce, "Yaya, me kake yi a nan cikin rigar zuwa sujada?"

Ya ce, "Ina duba wuta."

Ta leƙa ƙarƙashin tukunyar, ta leƙa bayanta. "Wace wuta? Wannan abin ai ba ya neman mai gadi. Akwai irinsa a gidan maƙwabciyata."

"Ba a barin ƙirji shi kaɗai."

Ta yi dariya, ta tattara zanenta za ta zauna a kan tabarmar da ke gefensa. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗauko kujera, Tabita. Nan da mai shi."

Ta daina dariya, gama ita ma a gidan nan na ƙauye ta tashi, ta san tabarmar gindin rumbu. Ta ce, "Bari in kira shi a waya."

Ya ce, "Kada ki kira. Yana da aiki. In ya tuna zai zo. Kada kuma ki gaya masa kin same ni a nan. Uba ba ya bara a gidan ɗansa."

Ta ɗauko kujera ta zauna da shi har la'asar. Da ta tashi tafiya ta yi masa sallama da sauri, don kada ya ga idonta.

Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta rufe barandar. Tsohon ya naɗe tabarmar da ba a zauna a kai ba, ya naɗe tasa, ya shiga ɗaki, ya tuɓe rigar ya rataye ta a ƙusa. Bayan faɗuwar rana mai gidan ya dawo. Ya ɗaga murfi, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta suka ji. Ya taɓa naman da cokali, naman ya rabu biyu da kansa. Ya zuba a kwano mai kyau, ya kai da hannunsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ku taɓa ku ji."

Tsohon ya ɗauki yanka ɗaya ya sa a baki, ya narke masa a kan dasashi. Ya ce, "Ya yi laushi. Ko na gida bai fi shi ba. An gode."

Mutumin ya ji daɗi har ransa. Ya ce a ci lafiya, shi zai je ya watsa ruwa, gama mawaƙa suna jiransa a majami'a a kan zancen sababbin riguna. Tun daga ranar, kowace Asabar yakan ɗora ƙirji, ya danna, ya tafi. Ya yi ta yabon tukunyar a wurin abokansa har dattawa uku suka sayi irinta. Tsohon kuwa bai ƙara fitowa da tabarma ba. Yakan ci yanka ɗaya, wata rana ya sha romo kawai. Daga baya ya ce a daina wahala, cikinsa ba ya karɓar nama kamar dā.

Kafin kaka ta yi, wata safiya mai gidan ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gaisuwa, bai ji amsa ba. Ya shiga ya sami tsohon a kwance, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibiti. Ɗan ya yi duk abin da ɗa zai yi. Ya nemo babban likita, ya sa aka ba shi ɗaki shi kaɗai, ya yi ta kai da kawowa tsakanin kantin magani da wurin gwajin jini. In ya shigo, idon tsohon ya bi shi, in ya fita, idon ya tsaya a kan ƙofa. Magana kuwa ta riga ta tafi. A rana ta huɗu, da azahar, ɗan ya fita neman wata allura da aka ce sai a wancan gefen garin. Kafin ya dawo an rufe tsohon da zane. Aka binne shi a maƙabartar gari, nesa da matarsa, gama ba wanda ya ji abin da yake so.

Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka yi zaman makoki kwana uku. Mai gidan ya zauna a kan tabarma tun safe har yamma yana karɓar gaisuwa, wayarsa a kashe, rumfarsa ta kasuwa a rufe. Motar masara ta iso aka sauke ta, kwamiti ya zauna ya tashi, kasuwa ta ci ta watse, ba abin da ya rushe. A rana ta uku da mutane suka ragu, Tabita ta zo ta zauna kusa da shi.

Ya ce mata, "Goggo, abu ɗaya ne yake sanyaya mini zuciya. Duk zamansa a gidan nan abu guda ya roƙe ni, na kuwa yi masa."

Ta gyara zama. Can ta ce, "Ya hana ni faɗa. Amma shi ya tafi, kai kuma kana da 'ya'ya, gara ka sani." Sai ta gaya masa abin da ta gani a ranar, da rigar, da hular, da tabarmar da aka hana ta zama a kai.

Mutumin ya juyo wurinta. Ya ce, "Me ya sa bai gaya mini ba?"

Ta ce, "Ya gaya maka. Yadda ya iya ya gaya maka, kai ma kuwa ka san hanyar." Ta dube shi, ta dubi inda yake zaune. "Kwana uku ke nan ina kallonka a nan ba ka motsa ba. Ashe kana iya zama."

Sai mutumin ya rufe fuskarsa da rigarsa, ya yi kuka mai zafi a gaban sauran masu gaisuwa, ba wanda ya iya rarrashinsa.

Yanzu ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ko da yake na ga waɗansu sun riga sun sunkuyar da kai.

Kada kowa ya fita daga nan ya ce na zagi tukunyar lantarki. Tukunyar ba ta yi laifi ba. Abin da aka ce ta yi ta yi, ta kuma yi shi da kyau, a gidana ma akwai irinta. Naman ya yi laushi da gaske, tsohon bai yi ƙarya ba. Abin da ke ba ni baƙin ciki ke nan, duk abin da mutumin nan ya yi mai kyau ne. Tukunyar ita ce dukan abin kirkin da muke aikawa a madadin kanmu: abin da ake turawa ta waya a ƙarshen wata, buhun shinkafa, magani, sabon rufin ɗaki. Ku ci gaba da aikawa, ban hana ba. Amma akwai yunwar da ba a aika mata da saƙo, sai mutum ya je da kansa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ni kuwa zan ƙara da cewa, in ƙafar ta kai ka, sai ka naɗe ta.

Naman ƙirjin shi ne roƙon da ke bakin mutum, zaman kuwa shi ne roƙon da ke zuciyarsa. Mutanenmu ba sa roƙo kai tsaye, kun sani na sani. Tsohuwa za ta ce a zo a duba mata rediyo, alhali rediyon lafiyarsa lau. Matarka za ta ce ka raka ta dubiya, ba don ta manta hanya ba. Mu kuwa mun ƙware wajen biyan roƙon baki da sauri, don mu tsere wa na zuciya. Ba yatsa nake nuna muku ba. Ni mai maganar nan, mahaifiyata ta aiko mini har sau uku cewa ƙofar akurkin kajinta ta lalace. Na aika kafinta, ya kuwa gyara da kyau. Shekara tara ke nan da rasuwarta, har yau in na wuce akurki sai in kau da kai.

Ku iyaye kuma, kada ku ce kun tsira. Nomau ma yana da nasa kason. Kunya ado ce, amma albarkar da ya tanada wa ɗansa da ita aka binne shi, ɗan kuma zai yi sauran kwanakinsa bai ji ta ba. In kana da kalma mai daɗi da kake ajiye wa ɗanka, ba hatsi ba ce da za ta jira bazara. Ka kira shi, ko da bango za ka kalla, ka faɗa.

Akwai kuma Uban da ya fi Nomau, wanda muke yi wa irin wannan kowace rana. Mukan tsaya a bakin ƙofarsa da makulli a hannu, mu yi addu'ar minti biyu, mu jefa kuɗin baiko a majami'a, mu riƙe kwamiti biyar, mu ce mun biya shi. Shi ba ya jin yunwa, shanun duniya duka nasa ne. Kai yake so. Shi kuwa ba ya kunyar ɗan fari, a fili yake kiranmu, kowa da sunansa, don haka ba mu da hujjar cewa ba mu gane ba. Da ya tashi cetonmu ma bai aiko da saƙo ya zauna ba. Da kansa ya zo, ya yi shekara talatin da 'yan kai a cikinmu, ya shiga gidajen mutane, ya ci abincinsu, ya saurari dogon zancensu. In Mai sama da ƙasa ya sami lokacin zama da mu, ban san wane irin aiki ne ya fi ƙarfin ni da kai ba.

Wani zai tambaya, mutumin nan ya sami gafara kuwa? Ya samu, gama jinƙan Ubangiji ya fi sakacinmu yawa. Amma gafara ba ta dawo masa da yinin ba, ba kuwa za ta dawo da shi ba a wannan duniya. Kowa a cikinmu sai ya zauna, wannan ba makawa. Ko dai ka zauna da mutum yana ji yana gani, ko ka zauna a ƙofar gida ana yi maka gaisuwarsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

An sanar cewa dattawa za su tsaya bayan sujada a kan zancen rufin majami'a. Na soke. Damina da saura, rufin zai jira mako guda. Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a raye, ko a ɗakin baya ko a ƙauye, ya tafi yau. Kada ka tsaya sayen tsaraba a hanya. Ka shiga ciki, ka tuɓe takalmi, ka kashe waya. Za su tsorata su ce, "Lafiya dai?" gama ba su saba ba. Ka ce lafiya lau, zuwa kawai ka yi. Mu da namu suka riga suka tafi, mu za mu tsaya a nan mu yi muku addu'a.